DARA BA ZAMAN BANZA BA CE

A garuruwanmu irin su Bodinga da Shagari, in an gama girbi rani ya shigo, ba a rasa manya zaune a inuwar bedi suna dara. Da yaro ya matso zai kalla, sai a kore shi, a ce dara aikin marasa aikin yi ne. To, ga shi yaran sun bar gindin bishiya sun koma kan waya, da yawansu ko zubin dara ba su iya ba. Ya kamata iyaye su sake duban wannan al'amari, gama akwai makaranta a cikin ramukan nan.

Yadda aka fi yin dara shi ne a haƙa gidaje 30, jeri 5 mai gida shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsinke, wancan ya ɗauki tsakuwa. Da fari sai a yi zubi, ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku a lokacin ba. In an gama, gida 6 ne kaɗai za su rage. Sa'an nan a fara tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa. Dakarkarin ƙasar Zuru sun yi suna a wannan wasa, Zabarmawan Nijar kuma suna kiransa dili.

Dara tana da 'yar'uwa wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, Turawa kuma ces. A Indiya aka fara ta wajen ƙarni na 6, ta shiga Farisa, Larabawa suka kai ta Andalus. A ƙasar Sifen ne, wajen 1475, aka ƙara wa sarauniya ƙarfi har wasan ya zama yadda yake yau. Gidajenta 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, dawaki 2, giwaye 2, hasumiya 2, da dakaru 8. Ba a cin wasan sai an tsare sarki ya rasa mafita. Kada mai karatu ya ɗauka Bature ne ya fara kawo ta ƙasarmu. A 1934 wani jami'in mulkin Ingila, C. K. Meek, ya rubuta labarin irinta da ya tarar a Barno, ana kiranta tsatsarandi. Can sarkin wasan shi ne mai, yana tare da ciroma da kaigama.

Me waɗannan wasanni biyu suke koya wa yaro?

Na fari, tun a zubi ake cin dara. Gwani ba ya ajiye tsinke don ya ga rami a buɗe. Yana shirya abin da masu dara ke kira doki, wato a tsara 'ya'ya yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika uku. Wanda aka hau masa doki sai ya zuba ido ana kwashe 'ya'yansa. A ces ma haka ne. Ana koya wa ɗalibi ya kama gidaje huɗun tsakiya, ya fito da dawaki da giwaye da wuri, ya ɓoye sarkinsa, kada ya yi garajen fito da sarauniya. Yaron da ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa ba a fara karatu daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a duba kafin a taɓa. A gasar ces akwai doka: ɗan da ka taɓa da niyya, shi za ka motsa, in yana da wurin zuwa. In ka sake shi kuma, ba janyewa. Saboda haka ɗan wasa yakan riƙe hannunsa, ya tambayi kansa, in na yi haka, shi me zai yi? Maganar baki ma haka take, in ta fita ba ta komowa. Faɗa nawa ne a gidajenmu da ba a yi su ba, da an yi wannan tambaya kafin a buɗe baki?

Na uku, a koyi faɗuwa. A manyan gasa kowane ɗan wasa yana rubuta tafiyarsa da ta abokin karawarsa. In an tashi sai su yi musafaha, sau da yawa su zauna tare su bi wasan daga farko, su nemo inda aka kuskure. Ba inda za a ɗora laifi, gama ba ƙuri'a a ciki, ba sa'a. Ko Garry Kasparov, zakaran duniya, ya sha kaye a hannun kwamfutar Deep Blue a 1997.

'Ya'yan Nijeriya sun nuna abin da wasan nan zai iya yi. Tunde Onakoya a shagon aski ya koyi ces a Ikorodu. A 2018 ya kafa Chess in Slums Africa don koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas, a Afrilun 2025 kuma ya yi awa 64 yana wasa a birnin New York. Tanitoluwa Adewumi kuwa, iyayensa sun bar Nijeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram. Suna zaune a gidan marasa galihu a New York ya koyi ces a makaranta, a Maris 2019 ya ci gasar jihar ta ajinsu yana ɗan shekara 8.

Amma tsoron iyaye yana da tushe. Dara takan cinye yini in ba a sa mata iyaka ba, in kuɗi ya shiga kuma ta zama caca, caca kuwa rushe gida take yi. Maganin wannan shi ne uba ya zauna da ɗansa. A sa lokaci, bayan an gama aikin gida da na makaranta. Kada a sa ko kwabo. 'Yan mata ma a koya musu, gama hankali ba na maza kaɗai ba ne.

Ba sai an sayi kome ba. A haƙa ramuka 30 a tsakar gida, a samo tsinke 12 da tsakuwa 12. In uba ya manta dokokin, kaka yana nan, zai yi murna a tambaye shi. In yaro ya sha kaye kada a yi masa dariya. A mayar da 'ya'yan inda suke, a ce masa, "Nuna mini inda wasan ya kuɓuce maka."