Tsabtar ɗakin ɓeran masar

Ɓeran masar ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasar Peru.

Dabba ce mai yawan fitsari. In ciyawar da yake kwanciya bisa ta jiƙe, ƙafafunsa sukan yi gyambo, zarnin kuma ya sa masa ciwon ƙirji. Don haka, kowace safiya ku kwashe kashi da jiƙaƙƙar ciyawa, ku shimfiɗa busasshiya. Ku canza ruwan sha.

Sau ɗaya a mako, ku wanke akwatinsa da sabulu, ku shanya a rana. Shi kuwa ku aje shi cikin inuwa, don zafi yana iya kashe shi.

Kashin taki ne, ku kai garkar makaranta. Sannan ku wanke hannuwanku da sabulu.