Ina Rumbun Tsimi Ya Shiga?

A zangon karatun da ya gabata na tambayi ɗalibaina ma'anar "rumbun tsimi". Ƙalilan ne suka sani, alhali mafi yawansu jikokin manoma ne. Ga mai nazarin harshe wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kalma ba ta ɓacewa sai abin da take nufi ya riga ta ɓacewa.

A ƙasar Gumel inda na tashi, maigida kan ware rumbu guda na gero wanda ba a buɗewa sai damina ta yi gardama. Wahala ce ta koyar da hakan. Kakanninmu har suna suke raɗa wa yunwa: akwai Kakalaba ta 1914, kuma maƙwabtanmu na Nijar suna kiran ta 1984 da El-Buhari, saboda a shekarar ce gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyaka.

Yau manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar yakan kai riɗinsa da zoɓonsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya mayar da su kuɗi, da zummar ya riƙa awo duk lokacin da bukata ta taso. Wato kasuwa ta zama rumbunsa. To, amma wannan rumbu ba a hannunsa makullinsa yake ba. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. A farkon wannan shekarar ce kuma canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya kasa sayen tiyar gero, a daidai lokacin da sanƙarau ke kwantar da yara a Maigatari da Sule Tankarkar. Hukumar ba da agajin gaggawa kuwa, komai ƙoƙarinta, bayan ɓarna take isowa.

Da mu 'yan boko nake, mu da ake bugo wa waya idan abu ya ɓaci a gida. Mun iya aika kuɗin asibiti da na ta'aziyya, amma ba mu iya aika buhu biyar na gero da kaka ba, lokacin da yake da araha. Ni ma sai bayan wahalar 2023 na farga. Tun daga nan nake sayen hatsi a Nuwamba, a zuba a buhunan PICS da ke hana ƙwari numfashi, a ajiye a ɗakin mahaifiyata. Akwai tsabar kuɗi kaɗan a hannunta, da lambar direba guda da zai fito ko da tsakar dare, da kwafin takardun gona a wurina. Katangar ƙasa kuma ana yi mata yaɓe kafin ruwan Agusta.

Da na nuna wa Inna buhunan, ta shafa su, ta ce rumbun mahaifinta ya fi wannan kyan gani. Amma ta karɓi makullin.