A Sare Kacalla Kafin Ta Fitar da Kai

Jama'ar bakin ruwa, daga Kadawa zuwa Haɗeja, Guri da Nguru: duk wanda ya ga kacalla ta fara leƙowa a magudanar gonarsa ko a gefen tafki, kada ya jira ta yi kai.

Kan nata, wato zangarniya mai kama da ta gero, furanni ne cunkushe. Na sama maza ne, suna sakin garin barbara iska ta ɗauka. Na ƙasa mata ne, su ke ɗaukar ciki su rikiɗe su yi ruwan ƙasa. Zangarniya guda na iya ƙunsar iri fiye da 200,000, kowanne da ɗan gashinsa da zai tashi sama da shi idan ta fashe. Abin da ƙwayar ke nema kaɗan ne: laka mai danshi da hasken rana. Da ta kafu, sai ta miƙa jijiya tana rarrafe a ƙarƙashin laka, tana fitar da sababbin 'ya'ya ba tare da iri ba.

Shi ya sa masu banka mata wuta suke wahalar banza. Ganye ya ƙone, jijiya na nan lafiya, ga fili an share wa sabon iri.

Da can rani ne ke yi mana maganinta, domin fadama na bushewa. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya shekara cur, ita kuwa ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana, har wasu gonaki suka nutse, wasu suka rasa ko ɗigo. Masunta sun rasa wurin jefa koma. A cikinta jan baki ke kwana kafin ya afka wa shinkafa, sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya kuma sun samu mafaka.

Lagonta ɗaya ne: ta ganyenta jijiyar ke shaƙar iska. A sare ta ƙasa da saman ruwa, yadda ruwan zai rufe kututturen, a maimaita idan ta sake tohowa, a kwashe abin da aka sare zuwa tudu.

Masu unguwanni, sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoman rani, a kira gayya tun kan bai nuna ba. Wanda ya bar tasa ta fashe, ya shuka wa maƙwabtansa.