Ya Ce A Maido Masa Kuɗinsa: Abin Da Za Ka Yi Idan Kana Zargin Wanda Ya Sayi Kwamfutarka Ta Intanet

Ni mutumin Kimba ne a ƙaramar hukumar Jega, kuma sana'ata rubuta manhaja. Amma duk wanda ya koyi wannan aiki da kansa ya san ba kullum ake samun kwangila ba, don haka nakan sayo kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu daga Kano, in duba su, in sa musu manhajoji, in sayar. Mafi yawan masu saye ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ne ta Aliero, sai malaman makaranta da masu shagon buga takardu a Jega da Maiyama. Sauran kuwa a intanet muke haɗuwa, ban san su ba, ba su san ni ba.

A irin wannan ciniki ne na taɓa sayar wa wani mutum da ke wani gari kwamfuta mai RAM 16GB da SSD 512GB. Ya turo kuɗi, na kai ta tashar Jega na ba direba. Bayan kwana huɗu ya kira ni yana faɗa, wai tana sandarewa, na cuce shi. Na ce ya maido ta. Da direba ya miƙo mini, na kunna na ga ta tashi, sai na tura masa kuɗinsa nan take don a rabu lafiya. Da dare na zo sake sa mata Windows, sai na ga RAM ɗin 4GB ne, SSD kuma 128GB. Gangar jikin tawa ce, kayan cikin ba nawa ba ne. Da na kira shi ya rantse haka na aika masa, ni kuma ba ni da wata shaida ko ɗaya da zan ƙaryata shi.

Abin da na koya shi ne, rigimar maido kuɗi tun kafin kwamfuta ta bar hannunka ake cin ta ko a faɗi. Ga bayanin dalla-dalla.

Me ya sa mai sayarwa ke shiga tsaka mai wuya?

A ƙasashen waje, dandali irin su eBay da PayPal suna tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. A PayPal mai saye yana da har kwana 180 da zai iya shigar da ƙorafi, kamfanin ya saurari ɓangarorin biyu ya yanke hukunci. A nan kuwa, a Jiji da Facebook Marketplace da zaurukan WhatsApp ake tallata kaya, amma kuɗi daga asusu zuwa asusu suke tafiya, babu alƙali a tsakani.

Wannan yana da amfani ta wani gefe. Idan kuɗi suka shiga asusunka ta tiransifa, wanda ya turo ba zai iya janye su da kansa ba. Shi ya sa ɗan damfara yake buƙatar ɗaya cikin biyu: ko ya sa ka tura masa da hannunka, ko ya kai ƙararka banki a toshe maka asusu har ka gaji ka sallama. Duk dabarunsu a kan waɗannan hanyoyi biyu suke.

Dabarun da aka fi amfani da su

1. Musanya kayan ciki. Irin wadda ta same ni. A cire RAM, SSD, batir ko caja ta asali, a sa masu arha. Wani ma yana da matacciyar kwamfuta irin taka sak, sai ya sayi taka ya maido maka tasa.

2. “Na tura fiye da kima.” Kun yi ciniki a kan N250,000, sai saƙon shigar kuɗi ya zo maka na N350,000, ya kira yana roƙo ka maido masa N100,000. Saƙon na bogi ne, ko sisi bai shiga ba.

3. Biya da kuɗin wani. Wannan ta fi haɗari. Ɗan damfara ya kwafi hotunan kwamfutarka ya tallata ta a wani wuri kamar tasa. Wani bawan Allah ya taya, sai ya ba shi lambar asusunka ya biya. Kai ka ga kuɗi sun shigo da gaske, ka saki kaya ga ɗan damfarar. Bayan kwana biyu mai kuɗin ya kai ƙara bankinsa cewa an damfare shi, kuma sunanka ne a rasit.

4. Ƙorafin ƙarya a banki. Ya karɓi kaya lafiya, sannan ya je ya ce kuskuren tura kuɗi ya yi, ko kuma na'urar POS ta cire masa kuɗi bai samu komai ba.

5. Ragi bayan ciniki. Ba ya son maido kwamfutar, so yake ka cire masa wani abu, in ba haka ba zai baza hotonka a Facebook ya ce kai macuci ne.

Ba duk mai ƙorafi ne ɗan damfara ba

Kayan hannu kayan hannu ne. Batir yana iya yin awa uku a gabanka, ya koma minti arba'in bayan mako guda. Zafin watan Afrilu a Kebbi kaɗai ya isa ya tona asirin fankar da ta gaji. Wata ɗaliba a Aliero ta taɓa maido mini da kwamfuta kan batir, na duba na ga gaskiyarta ce, na saya mata wani. Ita ce daga baya ta kawo mini ƙawayenta uku. A al'adar kasuwancinmu da addininmu ma, wanda ya ɓoye aibin kaya shi ne mai laifi, kuma mai saye yana da haƙƙin maido su.

Mai ƙorafin gaskiya yakan faɗi takamaiman abin da ya lalace, ya yarda ya nuna maka a kiran bidiyo, ya kuma amince da gyara ko musanya. Wanda za ka yi hattara da shi kuwa, labarinsa yana canzawa daga kira zuwa kira, yana ƙin bidiyo, yana matsa maka ka turo kuɗi kafin kaya su iso, yana fara barazana tun a saƙon farko, ko ya ba ka wani asusu daban da wanda ya biya da shi.

Shaidun da za ka tara kafin kwamfuta ta fita

Wannan aiki bai wuce minti goma sha biyar ba.

Lambar gangar jiki. Kowace kwamfuta tana da lambar siriyal, sau da yawa a kan takardar da ke manne a ƙasanta. Ta Dell haruffa da lambobi bakwai ce. Amma ana iya ɓare takarda ko a canza murfin ƙasa, don haka ka ciro wadda ke cikin BIOS. Buɗe PowerShell ka rubuta:

Get-CimInstance Win32_BIOS

Lambar RAM. Kowane sanda yana da tasa:

Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory | select Manufacturer, PartNumber, SerialNumber, Capacity

Lambar SSD ko hadis:

Get-PhysicalDisk | select FriendlyName, SerialNumber, Size

Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, za ta ƙara nuna maka lafiyar ma'adanar da yawan awannin da ta yi a kunne. Wannan adadi yana da amfani sosai. Idan mai saye ya ce tun da ta iso ba ta taɓa kunnuwa ba, ka duba ka ga awa 30 sun ƙaru, ka san akwai magana.

Rahoton batir:

powercfg /batteryreport

Zai fitar da shafi mai nuna ƙarfin batirin lokacin da yake sabo da ƙarfin da ya rage masa yanzu. Ka tura wa mai saye wannan tun kafin ya biya. Wanda aka gaya wa batir ya rage kashi 60 cikin ɗari ba zai dawo ya ce an ɓoye masa ba.

Bidiyo ɗaya wanda ba a yanke ba. Ka fara da nuna ranar da ke kan wata waya, ka kunna kwamfutar, ka nuna waɗannan lambobi, sikirin, kibod, kyamara, kafofin USB da caja, har zuwa lokacin da ka sa ta a kwali ka liƙe.

Alamar ƙusa. Ka ɗiga jan farce mai ƙyalƙyali a kan ƙusoshi biyu na murfin ƙasa, ya bushe, ka ɗauki hotonsa kusa-kusa. Duk wanda ya kwance sai ya fasa shi, kuma ba zai iya maido da zanen yadda yake ba. Ka sanar da mai saye cewa ka yi haka. Sanarwar kaɗai tana korar mai mugun nufi.

Kar ka manta ka cire asusunka na Microsoft ko iCloud da kalmar sirrin BIOS. Da yawa daga ƙorafin gaskiya daga nan suke tasowa.

Ka rubuta sharaɗi, ka tantance mai biya

Kafin ya biya, ka tura masa sharaɗi a rubuce ta WhatsApp: kwana nawa ka ba shi na gwaji, wane aibi za ka karɓa, wane ne ba za ka karɓa ba kamar fashewar sikirin ko shigar ruwa, da wanda zai biya kuɗin mota idan za a maido. Ka jira ya rubuta “na yarda”. Ni kwana uku nake bayarwa.

Idan ya ce ya tura kuɗi, kar ka dogara da saƙon tes ko hoton rasit. Ka shiga manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Sannan ka duba sunan mai turowa. Idan ya saba da sunan wanda kuke ciniki, ka dakata. “Asusun yayana ne” ba ta isa ba, sai ka yi magana da yayan ta bidiyo ya tabbatar ya san abin da yake biya, da wanda za a ba kayan. Kuma ka adana lambar shaidar tiransifa, mai lambobi 30, domin da ita banki yake bin sawun kuɗi.

A tasha, ka ɗauki hoton kwalin a hannun direba, lambar motar da lambar wayarsa, zai fi kyau a gaban 'yan yuniyon. Idan ya isa, ka sa mai saye ya turo maka saƙo cewa ya karɓa.

Ranar da ya ce a maido masa kuɗi

Na farko, kar ka yi fushi kuma kar ka kira shi ɓarawo. Ka mayar da maganar rubutu, domin kiran waya ba ya barin shaida. Ga irin abin da nake turawa:

“Malam, na ga saƙonka, ka yi haƙuri da abin da ya faru. Don Allah ka nuna mini matsalar a kiran bidiyo. Idan ba ta gyaru ba, ka maido ta kamar yadda muka yi sharaɗi. Da zarar na duba lambobinta sun yi daidai da waɗanda na turo maka, zan mayar da kuɗinka cikin asusun da ka biya da shi a ranar.”

Na biyu, kaya kafin kuɗi. Ko da ya yi rantsuwa, ko da ya ce mahaifiyarsa na asibiti.

Na uku, ka buɗe kwalin kana ɗaukar bidiyo, a gaban shaida, misali mai gyaran kwamfuta da ba ɗan'uwanka ba. Ka duba jan farcen, ka sake gudanar da umarnan nan uku, ka gwada da na farko.

Idan komai ya yi daidai kuma aibin gaskiya ne, ka biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Idan lambobi sun saba, ka tura masa hotunan biyu gefe da gefe, ka ba shi zaɓi: ya maido kayan da aka cire, ko a cire kuɗinsu daga nasa, ko ya karɓi kwamfutar yadda ya turo ta. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa.

Na huɗu, kuɗi su koma asusun da suka fito, ba wani ba. Idan ka tura wa wani asusu daban, mai asusun farko yana iya zuwa gobe ya ce bai ga komai ba, kuma a takardun banki gaskiyarsa ce.

Idan an toshe maka asusu

Ka je reshen bankinka, ko ka rubuta wa sashen ƙorafinsu idan irin su OPay, PalmPay ko Moniepoint ne. Ka nemi dalilin toshewar, ka miƙa hirarku, bidiyo, hoton tasha da lambar tiransifa, ka karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, CBN. Kar ka kwashe kuɗin zuwa wani asusu don gudun toshewa, hakan sai ya sa ka yi kama da mai laifi.

Idan ta tabbata damfara ce, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ofishin shiyya na EFCC da ke Sakkwato, wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta zamba ta hanyar na'ura. A shari'ar biya da kuɗin wani, ka tuna mai kuɗin ma cutarsa aka yi. Ku haɗa shaidunku ku nemi wanda ya karɓi kayan, maimakon ku ɓata lokaci kuna zagin juna.

Abubuwa biyu kuma ka guje su. Kar ka baza hotonsa da lambarsa kana kiransa ɓarawo, zai iya juya maganar ta koma ƙarar ɓata suna a kanka. Kuma ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja: kar ka bar wata ɓoyayyar manhajar leƙen asiri ko ta kullewa daga nesa a cikin kwamfutar da ka sayar. Ta zama tasa, shiga cikinta ba da izininsa ba laifi ne a wannan doka da muka ambata.

Yanzu kowace kwamfuta da ta ratsa hannuna tana da jaka guda a Google Drive mai ɗauke da lambobinta, rahoton batir, bidiyo da hoton tasha. Tun da na fara haka sau biyu aka nemi in maido kuɗi. Ɗaya na biya saboda gaskiyarsa ce. Ɗayan da na tura masa hoton lambar SSD ɗinsa, bai sake kira ba. Idan kana da kwamfutar da kake shirin sayarwa a makon nan, ka buɗe PowerShell tun yau ka adana lambobinta kafin ka ɗora hotonta ko'ina. Allah ya sa mu dace da abokan ciniki na gari.