Darasi Daga Tsayawar Jirgin Igiya na Disney

Ran 29 ga Satumba, 2019, aka buɗe jirgin igiya mai suna Skyliner a dandalin shaƙatawa na Disney da ke Jihar Fulorida ta Amurka. Taragai ne kimanin 300 rataye a igiyar ƙarfe, kowanne na ɗaukar mutum 10. Ran 5 ga Oktoba da dare wasu taragai suka cunkushe da juna a wata tasha, layin ya tsaya, fasinjoji suka yi kusan awa uku a sama.

Abin da ya kamata ɗalibin ilmin halittu ya lura da shi a nan shi ne zafi. Taragan ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Iskar da ke ratsa kafofinsu lokacin tafiya ita ke sanyaya su. Jikin ɗan Adam kuwa yana riƙe ɗuminsa a wajen digiri 37, kuma gumi ba ya sanyaya fata sai ya bushe. Idan iska ta tsaya, ga laima irin ta Fulorida, gumi sai ya yi ta zuba a banza, ruwan jiki na raguwa. Yara da tsofaffi su ne suka fi shiga haɗari. Saboda haka ne ake ajiye ruwan sha cikin kayan gaggawa na kowane tarago.

An sake buɗe jirgin ran 14 ga Oktoba, bayan bincike tare da kamfanin da ya ƙera shi. Hukumar dandalin ta ce ta gyara tsarin aiki, da horon ma'aikata, da yadda ake sanar da fasinjoji halin da ake ciki.