Dodon Sin a Kayan Kasuwar Adjamé: Gaskiya da Jita-jita

A shekarun da suka biyo bayan ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Kwaddibuwa da ƙasar Sin a 1983, kayan Sin sun yawaita a kasuwannin Adjamé da Treichville, unguwar da Sin ta gina wa Fadar Al'adu da aka buɗe a 1999. Tare da kayan ne hoton wata dabba mai jikin maciji da ƙahon barewa da ɓawon kifi da faratan gaggafa ya shigo shagunan Hausawa a jikin tangaran da yadi da kwalayen shayi. Sinawa suna kiran dabbar long, kuma maganganun da ake yi a kanta sun cakuɗa gaskiya da ƙarya.

Zancen da ya fi yawo shi ne cewa dabbar muguwa ce mai fitar da wuta daga baki, kuma wannan kuskure ne, domin siffar dodo mai aman wuta ta tatsuniyoyin Turawa ce da finafinai suka yaɗa. A al'adar Sin, long dabbar ruwa ce da ake danganta ta da koguna da teku da girgije, ana kuma ɗaukarta alamar damina mai albarka, saɓanin macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, wadda ta hana mutane ɗiban ruwa.

Masu cewa dabbar ta taɓa rayuwa, har an tono ƙasusuwanta, su ma sun yi kuskure. Abin da masu maganin gargajiya na Sin suke kira ƙashin long, ƙasusuwan dabbobin da ne da suka daɗe a binne. A 1899 wani masani mai suna Wang Yirong ya lura da rubutu a jikin wasu daga cikinsu, aka gano cewa rubutun daular Shang ne, wanda ya haura shekara 3,000.

Akwai kuma abin da yake gaskiya. Long alamar sarauta ce, domin a zamanin daulolin Ming (1368–1644) da Qing (1644–1912) sarkin sarakuna da gidansa aka keɓe wa hoton mai farata biyar, kuma tutar Qing ta ɗauki long a kan launin rawaya daga 1889 zuwa 1912. Haka nan gaskiya ne cewa manoman Sin sun gina wa sarakunan long wuraren bauta, inda suke roƙon ruwa lokacin fari, don haka bai dace a musanta cewa hoton yana da tushe a tsohon addinin gargajiya ba. Long tana kuma cikin dabbobi 12 na kalandar Sin, kuma 2024 shekararta ce.

Sai dai tushen tarihi daban ne da tsafi. Hoton da ke jikin buta ko yadi ado ne da masana'anta ta buga a kan dubban kaya iri ɗaya, ba laya ba ce da aka haɗa don cutar da mai saye. Wanda yake da damuwa game da hukuncin hoton mai rai ya tambayi malamai, amma bai kamata ɗan kasuwa ya ɓata kayan maƙwabcinsa da zargin sihiri ba tare da hujja ba.