Hadarin La'asar Da Iskar Da Ke Gabansa

Jama'a, ga bazara ta yi nisa, lokacin da iska ke yaye jinka da kwano ya zo. Mutane da yawa sukan ce hadari ya zo musu ba zato. Amma wanda ya lura ya san hadarin la'asar yakan aiko da sanarwa tun da hantsi.

Ga yadda abin yake. A watannin Mayu da Yuni iska mai laima tana busowa ƙasa-ƙasa daga kudu maso yamma, watau daga wajen teku. Idan rana ta gasa ƙasa, sai iskar nan ta yi zafi ta hau sama, ta zama girgije. Can sama kuwa iska daga gabas take busowa, ita ke turo hadarin yamma. Shi ya sa hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa kuma bangon gabas ya fi zaizayewa.

Dalilin ƙarfin iskar kuwa, a farkon damina sararin sama da sauran bushewa. Ruwan da ya fara zubowa sai ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba, ya sanyaya iskar da ke wurin. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta faɗo ta bazu gaban hadarin da ƙura. Don haka sau da yawa a ga ɓarna mai yawa, ruwa kuwa yayyafi.

To, ga alamun da za ku duba. In an tashi da zufa, ganye ba ya motsi, da azahar kuma fararen gizagizai sun fara tulluwa sama, a yi shiri. In da la'asar gabas ta yi baƙi, gindinta ya yi ja da ƙura, iska na tafe. Irin wannan hadari yakan ci kamar kilomita 50 cikin awa guda, saboda haka lokacinku kaɗan ne. In kun ga walƙiya, ku ƙidaya daƙiƙa har ku ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan tsakaninku da ita. Ku riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet a rediyo kuma, sa'an nan ku haɗa da abin da idonku ya gani.

Tun yau a ɗaure jinkar rumbu, a ƙara wa kwano ƙusa, a sare busassun rassan da ke kan ɗaki. 'Yan kasuwa su kwashe kaya daga rumfa da zarar iska mai sanyi ta kaɗo. Kada mutum ko dabba su fake gindin itace, gama nan aradu ta fi faɗawa.

A gona kuwa, yashin da iska ke kwasowa shi ke ƙone ƙaramar shuka ko ya binne ta. Karan bara da aka bari kwance yana rage wannan. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Nijar, an fara dasa layukan darbejiya a 1975 domin tare iska, gonakin da ke bayansu kuwa suka sami sauƙi. Wajen ƙarshen damina iskar takan dawo ta kwantar da dawa da masara, don haka in an zo huɗa a tara ƙasa sosai gindin shuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.